Me ya sa ƙananan masunta suke watsi da dokar su da aka kafa domin amfaninsu?

Tambaya: A wani gari na bakin teku an kafa kwamitin masunta, an hana taru mai ƙananan idanu, an kuma ware wata guda da ba za a shiga ruwa ba. Da farko kowa ya bi. Kafin shekara ta zagayo an koma gidan jiya. Ina matsalar take, kuma yaya ake yi masunta su riƙi irin wannan doka da hannu biyu?

Amsa: Ka fara cire rashin sani daga lissafinka. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jan taru ya riga kowane jami'i sanin cewa kifi ya ragu, domin shi ne yake ƙara nisan tafiya, yana ƙara man inji, yana dawowa da ƙanana. Shi ya sa ƙarin taron wayar da kai ba ya cika gyara irin abin da ka faɗa. Kowace dokar su, ko ta idon taru ce, ko ta rufe ruwa, ko ta keɓe wuri, magana ɗaya take faɗa wa masunci: bar wannan kifin yau, gobe za a kama wanda ya fi shi. Shi kuma abin da yake tambayar kansa shi ne, wa zai kama shi goben? In ya tabbata shi ne ko ɗansa, zai haƙura. In kuwa yana ganin maƙwabcinsa zai kwashe shi cikin dare, ko babban jirgi ya share shi da asuba, to haƙurin nasa kyauta ce ya yi wa wani, kuma mai iyali ba ya daɗewa yana irin wannan kyauta. Duk sauran abin da zan faɗa daga nan ya samo tushe.

Saboda haka kafin ka duba halin mutanen garin, duba iyakar ruwansu. Ƙasashe da yawa sun keɓe ruwan kusa da gaɓa ga ƙananan masunta. A Nijeriya an hana manyan jirage masu jan raga a ƙasan teku shiga mil 5 na farko daga gaɓa. A 2002 dokar Ghana ta wancan lokaci ta keɓe mil 6, ko zuwa inda zurfin ruwa ya kai mita 30. A Filifin dokar 1998 ta ba ƙananan hukumomi iko da ruwa har kilomita 15 daga gaɓa, domin masu jiragen da ba su wuce tan 3 ba. A takarda ke nan. Inda ba a tsare wannan iyaka, dokar cikin gari ba ta yin ƙarko. A Ghana an daɗe ana fama da abin da suke kira saiko: manyan jirage su kama ƙananan kifaye, su daskarar da su, su sayar wa masu kwale-kwale a tsakiyar teku. An ƙiyasta abin da aka sauke ta wannan hanya a 2017 da kusan tan 100,000. Yaya za ka tsaya gaban mai kwale-kwale ka ce ya ƙona tarunsa saboda yana kama 'ya'yan kifi, alhali yana kallon ana sauke tulin 'ya'yan kifi a kwata ɗaya da shi? Ba zai yi maka gardama a taro ba. Zai gyaɗa kai, ya tafi ya ci gaba da abin da yake yi.

Chile ta nuna abin da ke faruwa idan aka ba mutane tabbaci. Akwai wani dodon koɗi na teku mai tsada da suke kira loco, wanda aka kwasa har sai da gwamnati ta rufe kamunsa daga 1989 zuwa 1992, kuma rufewar ba ta hana sata ba. Dokar 1991 ta buɗe wata hanya: ƙungiyar masunta ta nemi wani yanki na ƙasan teku ya zama ita kaɗai ke da izinin ɗiba a ciki, bisa sharaɗin a ƙidaya abin da ke wurin tun farko, a tsara adadin da za a ɗiba, a riƙa kai rahoto. Mutanen da a da suke rige-rigen kwasa sai suka koma gadi. Amma gadin yana cin kuɗi da barci, kuma yankunan da suka yi nisa da gari ɓarayi sun fi damunsu, har wasu ƙungiyoyi suka saki nasu. Wurin da za a keɓe, in da hali, ya zama wanda ake hangowa daga bakin gaɓa.

A nan akwai wani kuskure da ake yawan yi. Tsarin Chile ya yi aiki ne domin dabbar ba ta tafiya. Kawa, kaguwa, oktofus (dabbar teku mai hannuwa takwas) da kifayen da ke zama a duwatsun murjani suna nan inda ka bar su. Ƙananan kifayen da ke yawo garke-garke a saman ruwa, irin su sadinela, yau suna gabanka, mako mai zuwa suna ruwan wata ƙasa. In garinku kaɗai ya rufe ruwa domin irin wannan kifi, garin gaba ne zai ci moriya, kuma masunta suna da gaskiya in suka ƙi. Ka tambayi kanka wane kifi ake son karewa. In mai yawo ne, rufewar sai ta haɗa gaɓar gaba ɗaya da manyan jirage a lokaci guda. Abin da gari ɗaya zai iya riƙewa shi kaɗai shi ne hana nakiya da guba, rabon wuraren su, da kare dabbar da ke zaune wuri ɗaya.

Yanzu batun sa hannun masunta, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kiran taro, a karanta wa mutane abin da aka riga aka yanke, a karɓi sa hannunsu a takardar halarta, wannan sanarwa ce. Sa hannu na gaske yana da alama ɗaya da ba ta ɓuya: akwai wani abu a cikin dokar da ya sauya saboda abin da masunta suka faɗa. Ranar rufewa ce ta matsa, ko iyakar wurin, ko girman tara. In ba za ka iya nuna ko ɗaya ba, to dokar ta ofis ce, kuma haka za su ɗauke ta. A 2018 gwamnatin Ghana ta sanar da rufe teku a watan Agusta, lokacin da kifi ke zuba ƙwai, amma kuma lokacin da masunta suka fi samu. Sanarwar ta zo a ƙurarren lokaci, masunta suka ƙi, aka janye. A 2019 aka rufe daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni, lokacin da masunta suka amince da shi amma masana suka ce bai dace da zubin ƙwai ba. A 2021 aka tsaya a kan watan Yuli. Shekara uku aka ɓata a kan abin da zama da wuri zai iya taƙaitawa.

Sai kuma su wa aka kira. Kwamitoci da yawa masu jirage ne suka cika su, domin su ne masu baki da lokacin zuwa taro. Amma mai jirgi ba shi ke jefa taru ba. Yaran jirgi, waɗanda ake biya da kaso daga abin da aka kamo, su ne ke cikin ruwa da dare, kuma su ne ranar da ba a fita ba babu ko sisi a hannunsu. Akwai mata masu banda da masu sari, waɗanda sau da yawa su ne suka ba da bashin mai da na taru, don haka su ke yanke irin kifin da za a kawo musu. Akwai masu tsintar kawa da kaguwa da ƙafa idan ruwa ya janye, galibi mata da tsofaffi. Su ne ake fara zalunta, domin in za a keɓe wuri sai masu inji su nuna bakin gaɓa, inda su ba sa su. Akwai kuma baƙin masunta da ke zuwa da kakar kifi su koma. Duk rukunin da ba a zauna da shi ba, ta nan dokar za ta fara yoyo. Kuma kada a haɗa su a zaure ɗaya tun farko, domin yaron jirgi ba zai musa wa ubangidansa a bainar jama'a ba, mai bin bashi da wanda ake bi ma haka. A ji kowane rukuni daban, sannan a haɗu. Wani nazari da aka wallafa a 2011, wanda ya duba wuraren su 130 a ƙasashe 44 da ake gudanarwa tsakanin hukuma da masunta, ya gano cewa abin da ya fi tasiri shi ne samun shugaba na cikin gari da mutane suka yarda da shi. Ina ƙara da cewa a duba ko shi kansa shugaban yana da haramtaccen taru. In yana da shi, da shi za a fara.

Misalin da na fi so a kan doka da masunta suka ƙera da kansu shi ne na Alanya a ƙasar Turkiyya, wanda wani masani, Fikret Berkes, ya bincika, wata masaniya, Elinor Ostrom, kuma ta yi amfani da shi. Masunta kusan 100 ne suna faɗa a kan wurare masu kyau. Sai suka tsara cewa kowane watan Satumba a rubuta sunan duk mai izinin su, a rubuta sunayen wuraren kafa taru, da tazara tsakaninsu yadda tarun wani ba zai tare wa wani kifi ba, sannan a yi ƙuri'a. Daga Satumba zuwa Janairu kowa yana matsawa wuri ɗaya gabas kowace rana, daga Janairu zuwa Mayu a juya yamma, daidai da tafiyar kifin. Dubi hikimar da ke ciki: kowa zai samu ranarsa a wuri mai kyau, kuma ranar da ta zama taka, ba ka bukatar jami'i ya ce ka je ka tsare wurin. Tsarin da kansa ya mai da kowane masunci mai gadi. Doka mai kyau haka take, wanda ya karya ta yana taka ƙafar wani takamaiman mutum da zai yi magana.

Mu dawo kan idon taru, tunda shi ka ambata. Abu uku ke lalata wannan doka. Na farko, adadin da aka sa ba shi da tushe a kifin wurin. Hanyar samunsa ba ta da wuya: a lokacin zubin ƙwai a ɗebi kifi iri ɗaya masu tsawo daban-daban, a auna kowane, a farke ciki a duba ko ƙwai ko maniyyinsa ya nuna. Tsawon da rabin kifayen suka balaga a kansa shi ne ma'auni, sai a zaɓi idon da wanda bai kai wannan tsawo ba zai ratsa ya wuce. A yi wannan aiki a kwata, da wuƙar masuntan, a gaban idonsu. Mutumin da ya farke kifi hamsin da hannunsa bai ga ƙwai a ko ɗaya ba, ba sai an yi masa wa'azi ba. A kula kuma, inda ake kama kifi iri-iri, ido ɗaya ba zai dace da duka ba, domin akwai kifin da ko ya tsufa bai wuce tsawon yatsa ba. Irin wannan ana ba shi nasa tarun, da nasa lokaci da wuri. Na biyu, yadda ake awo. Ana auna ido ne a miƙe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa, taru yana jiƙe, a auna idanu ashirin a jere a ɗauki matsakaici, kuma a jakar taru inda kifi ke taruwa, domin wasu fikafikan tarunsu halal ne, jakar kuwa an yi mata shafi da gidan sauro. In kowane mai gadi yana da nasa salon awo, rigima ba za ta ƙare ba. A yanka ma'auni na ƙarfe ko roba, iri ɗaya, a ba masu gadi, a rataye ɗaya a kwata. Na uku, lokaci. Taru jari ne, sau da yawa na bashi. In ka ce daga gobe haram ne, ka ce wa mutum ya jefar da dukiyarsa yana ci gaba da biyan bashinta. A rubuta duk tarun da ke gari, a sa masa alama, a ba da wa'adin kaka ɗaya ko biyu, a hana shigo da sabo tun yau, a kuma je wa masu sayar da taru, waɗanda ba su da yawa kuma ba sa iya ɓuya. In za a yi musaya, sai an karɓi tsohon an lalata shi a gaban jama'a, in ba haka ba garin gaba za a kai shi.

Batun rufe ruwa kuwa yunwa ce ke karya shi. Gidan da ke cin abin da aka kamo yau ba zai iya kwana talatin babu shiga ba, sai in an shirya. Shiri yana nufin sanar da ranar wata shida kafin lokaci, asusun da ake zuba wani ɗan kaso a ranakun samu, yarjejeniya da masu bin bashi su dakata a watan, kuma in akwai tallafi, ya iso kafin ranar rufewa, ya kai hannun yaran jirgi da mata masu banda. Tallafin da ya zo bayan an buɗe ruwa bai hana kowa komai ba. Ina kuma ba da shawarar a fara da abin da ribarsa ke fitowa da wuri. A kudu maso yammacin Madagaska, a ƙauyen Andavadoaka, an fara a 2004 da rufe wani yanki na wurin kamun oktofus na 'yan watanni, sauran wuraren a buɗe. Oktofus yana girma da sauri ƙwarai, don haka ranar buɗewa mutane suka ga bambanci a kan sikeli. Ƙauyukan maƙwabta suka kwaikwaya, kuma daga nan ne aka samu ƙarfin gwiwar kafa wuraren da ba a taɓawa sam. Sun kuma koyi darasi mai ɗaci: ranar buɗewa mutanen da ba su yi haƙurin komai ba sukan cika wurin. Maganinsa shi ne ƙauyuka da yawa su buɗe a rana ɗaya, a kuma yanke tun farko wa ke da izinin shiga. A Kayar ta ƙasar Senegal ma, a shekarun 1990, masunta sun ƙayyade yawan akwatin kifin da kowane jirgi zai sauke a rana, kuma abin da ya riƙe dokar shi ne farashi ya tashi a hannunsu nan take.

Duk da haka sai an yi hukunci, domin a kowane gari akwai 'yan kaɗan da ba abin da zai hana su sai tsoro, kuma mafi yawan mutane idonsu na kan yadda za a yi da waɗannan. Lissafin mai karya doka a fili yake. In sau ɗaya cikin fita hamsin ake kama shi, sai tarar ta fi ribar fita hamsin kafin ta tsorata shi, kuma tara mai girman haka babu wanda zai iya karɓarta daga hannun talaka, sai ta zama ƙofar cin hanci. Saboda haka tabbacin kamawa ya fi girman tara amfani. Binciken da Kuperan da Sutinen suka yi a kan masuntan Malesiya, wanda ya fito a 1998, ya nuna cewa bayan tsoron kamu, abin da mutum yake ganin daidai ne da abin da abokan sana'arsa suke yi suna da nasu tasiri. A sa hukunci hawa-hawa: gargaɗi a gaban jama'a, sai ƙwace kifin ranar, sai ƙwace taru, sai dakatarwa na kaka guda. A yanke shi cikin kwanaki, kada ya kai watanni. Kuɗin tara a ba da rasiɗi, a karanta lissafinsa a taro. Shari'ar farko da ta shafi ɗan wani babba ita za ta nuna ko dokar za ta rayu, domin in aka yi sassauci a nan, kowa ya samu hujja.

Sintiri a teku yana cin mai, kuma in kuɗin aikin tallafi ya ƙare shi ma ya ƙare. Kwata ta fi sauƙi, tunda duk kifi sai ya sauko ƙasa. Allon awo a wurin sauke kaya, da yarjejeniyar masu sari cewa ba za su sayi wanda bai kai ba, sun fi jirgin sintiri aiki. Kifin da aka kashe da nakiya ana gane shi: ciki ya yi laushi, jakar iska ta fashe, jini ya taru a ciki. Masu banda sun fi kowa sanin wannan, domin a hannunsu yake ragargajewa. 'Yan sa kai kuma kada a tura su tare babban jirgi ko masu nakiya. Aikinsu su ɗauki hoto, lambar jirgi, lokaci da wurin da na'urar GPS ta nuna, su miƙa wa hukumar da ke da ikon kamu. Dokar garin ita ma a kai ta ƙaramar hukuma ko ma'aikatar kifi a amince da ita a rubuce. In ba a yi haka ba, ranar da kwamiti ya ƙwace tarun baƙo, 'yan kwamitin ne za a kai ƙara da laifin sata.

Kana bukatar sanin yawan masu karya dokar a zahiri, kuma tambayar kai tsaye ba ta ba da amsa. Akwai dabara: ka ba mutum kwabo ya jefa a ɓoye. In fuska ɗaya ta fito ya faɗi gaskiya, in ɗayar ce ya ce e ko da bai yi ba. Babu mai sanin dalilin e ɗin kowa, don haka babu abin tsoro. Cikin mutum 100, kusan 50 kwabo ne ya sa su cewa e. In jimillar e ta kai 65, to 15 ne cikin 50 masu faɗin gaskiya, wato kashi 30 cikin ɗari. Ka haɗa wannan da awon kifi a kwata sau ɗaya a mako: kilo nawa kowace fita, awa nawa a ruwa, da tsawon kifi talatin da aka ɗebo ba tare da zaɓe ba. Masunta su yi awon, a rubuta sakamakon a allo inda kowa zai gani.

A garin da ka kwatanta, kada a ƙara sabuwar doka. A je wa waɗanda suka fara komawa tsohon taru, ɗaya bayan ɗaya, ba da niyyar kamu ba, a tambaye su wa suka gani ya karya kafin su, kuma me aka yi masa. Amsar za ta nuna ko babban jirgi ne, ko ɗan gata ne da aka ƙyale, ko bashi ne da ya ƙi jira. Sannan a zaɓi doka ɗaya daga cikin biyun, wadda za a iya dubawa a kwata, a sake zama a kanta da yaran jirgi da masu sari, a sa ranar da za a dawo a duba allon awo tare bayan wata shida.